Sharhi: Na'urorin kashe gobara da ake kafawa a manta da su

Binciken da aka gudanar bayan wasu manyan gobara a Afirka da Asiya ya nuna cewa sau da yawa ginin da ya ƙone yana da na'urar da ke fesa ruwa da kanta idan wuta ta tashi, amma ba ta yi aiki ba saboda an rufe mata ruwa ko kuma an daina duba lafiyarta.

Misalin da ya fi fitowa fili a nahiyar Afirka shi ne na majalisar dokokin Afirka ta Kudu da ke birnin Cape Town.

Da asubahin ranar Lahadi 2 ga watan Janairun 2022 ne wuta ta tashi a tsohon ginin majalisar, ta bazu zuwa sabon ɓangaren, inda ta cinye zauren majalisar wakilai ƙurmus. Bayan an yi zaton an shawo kanta, sai ta sake tashi washegari.

Ba a rasa rai ba, to amma ƙasar ta yi hasarar zauren da ta yi shekaru tana kafa dokokinta a ciki, har ta kai ga shugaban ƙasar ya koma gabatar da jawabinsa na shekara-shekara a ɗakin taron birnin.

Ministar ayyuka ta wancan lokaci, Patricia de Lille, ta shaida wa manema labarai cewa an tarar da ɗaya daga cikin bawul ɗin da ke bai wa na'urar ruwa a rufe.

Wani rahoton farko da 'yan kwana-kwanan birnin suka rubuta ya ce na'urar ba ta fesa ruwa ba, kuma alamar da ke jikinta ta nuna rabon da a yi mata gyara tun shekarar 2017, alhali kuwa an tsara za a sake duba ta a watan Fabrairun 2020. Rahoton ya ƙara da cewa an tarar da wasu ƙofofin da aka yi domin tare wuta a bubbuɗe, an saƙale su.

An kama wani mutum bisa zargin cinna wutar, daga baya a shekarar 2023 kotu ta ce ba shi da cikakken hankalin da zai fuskanci shari'a. Gwamnati kuma ta ware kimanin rand biliyan 2 tun a 2022 domin fara sake ginin.

Ko wane ne ya cinna wutar, tambayar da ta fi damun masana harkar gine-gine ita ce: ta yaya gini mai irin wannan muhimmanci zai zauna da na'urar da ba ruwa a cikinta, ba tare da wani ya lura ba?

Yadda take aiki

Na'urar ba ta da wuyar fahimta. Bututai ne ake shimfiɗawa a ƙarƙashin silin ko rufin gini, cike da ruwa mai ƙarfi, sannan a jera musu ƙananan kawunan feshi a tazarar 'yan mitoci.

Kowane kai yana toshe ne da wata 'yar kwalba mai ɗauke da wani ruwa, ko kuma wani ɗan ƙarfe mai saurin narkewa. Idan zafin wuta ya kai wani mizani, sai kwalbar ta fashe, ruwa ya ɓarke ya bugi wani ɗan faifai da ke bakin kan, ya watsu kamar ruwan sama.

Launin kwalbar ne ke nuna zafin da take fashewa. Ja tana fashewa a digiri 68 na ma'aunin salshiyos, rawaya a 79, koriya a 93, shuɗiya kuma a 141.

Saɓanin abin da ake nunawa a fina-finai, a irin na'urar da aka fi amfani da ita kawunan ba sa buɗewa gaba ɗaya, kuma hayaƙin taba ko na turare ba ya tayar da su. Kan da zafi ya isa gare shi ne kawai yake buɗewa.

Kai guda yana fitar da ruwan da ya kai kimanin lita 60 a minti ɗaya, yayin da mesar 'yan kwana-kwana ke iya zubar da ninkin wannan sau goma. Wannan ne ya sa ɓarnar ruwan da na'urar ke yi wa kaya ba ta kai ta motar kashe gobara ba.

Fasahar ta daɗe. Wani Ba'amurke mai masana'antar kayan kiɗa, Henry Parmelee, shi ne ya ƙera kan feshi mai buɗe kansa a shekarar 1874, sannan Frederick Grinnell ya inganta shi a farkon shekarun 1880. Kamfanonin inshora ne suka fara matsa wa masu masaƙu lamba su kafa ta, domin su ne ke biyan diyya idan an yi gobara.

Amfaninta ya bayyana ƙarara a birnin Philadelphia na Amurka a watan Fabrairun 1991, lokacin da wuta ta tashi a hawa na 22 na wani bene mai hawa 38. Ta yi kusan sa'o'i 19 tana ci, ta hallaka 'yan kwana-kwana uku, har aka janye sauran daga ginin don gudun kada ya rufta.

Da wutar ta isa hawa na 30, inda aka riga aka kafa na'urar, kawunan feshi goma ne kacal suka tsayar da ita.

Rufaffen bawul

Ƙungiyar NFPA ta Amurka, wadda aka kafa a 1896, kuma ƙasashe da dama ke bin ƙa'idojinta, ta daɗe tana tattara alƙaluma a kan wannan batu.

Alƙaluman nata na nuna cewa a cikin kowace gobara goma da girmanta ya isa ya tayar da na'urar, ta yi aiki a sama da tara, kuma a galibin lokuta kai ɗaya ne ya buɗe.

A sauran lokutan da ta gaza, dalilin da ya fi yawa, wanda ya zarce rabi, shi ne an rufe mata ruwa tun kafin wutar ta tashi. Lalacewar kayan na'urar kanta ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da hannun ɗan Adam.

Dalilan rufewar kuwa ba baƙi ba ne. Bututu ya fara yoyo, sai a rufe bawul da niyyar kiran mai gyara gobe. Ɗan kwangila ya zo sauya silin, ya rufe ruwa don kada ya jiƙa kaya, ya gama aikinsa ya tafi bai buɗe ba. Ƙararrawa ta cika ƙarar banza da tsakar dare, sai mai gadi ya kashe ta don mutane su sami barci.

Abin da ke sa lamarin ya zama mai haɗari shi ne babu wata alama da ke nunawa. Idan aka ɗauke wutar lantarki ko na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, nan take kowa zai sani. Ita kuwa wannan, mai ruwa da maras ruwa kamanninsu ɗaya ne ga wanda ya ɗaga kai ya kalli silin.

Koriya ta Kudu, duk da ci gabanta a fannin fasaha, ta sha fama da wannan matsala.

A watan Disambar 2017 mutum 29 suka mutu a wani ginin motsa jiki da ke garin Jecheon, inda masu bincike suka tarar an rufe bawul ɗin na'urar.

A watan Agustan 2024 kuma, wata mota mai amfani da lantarki ta kama wuta a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa a wani rukunin gidaje da ke birnin Incheon. Hukumar kashe gobara ta ce wani ma'aikacin ginin ya danna maɓallin dakatar da na'urar jim kaɗan bayan ƙararrawa ta kaɗa, kuma kafin a sake kunna ta wuta ta riga ta cinye wayoyinta. Motoci da dama sun ƙone, wasu ɗaruruwa kuma suka lalace.

A ƙasar Katar, gobarar da ta tashi a katafaren kantin Villaggio na birnin Doha a watan Mayun 2012 ta hallaka mutum 19, ciki har da yara 13 da ke wani wurin reno. Jami'an ƙasar sun ce na'urorin fesa ruwan ginin ba su yi aiki yadda ya kamata ba.

Abin da ake dubawa

Domin kauce wa irin haka ne NFPA ta fitar da wani kundi na musamman a 1992, mai lamba 25, wanda ya keɓanta ga dubawa da gwaji da gyaran na'urorin kashe gobara masu amfani da ruwa.

Mafi yawan abin da kundin ya tanada ba ya buƙatar injiniya.

Ana so a duba bawul ɗin ruwa kowane mako a tabbatar yana buɗe, ko kuma kowane wata idan an ɗaure shi da sarƙa an sa masa kwaɗo. Ana so a riƙa karanta agogon da ke nuna ƙarfin ruwa, a kuma leƙa tanki a ga ko ruwan ya ragu.

Injin tura ruwa mai amfani da dizal ana so a tayar da shi kowane mako ya yi minti 30 yana aiki, mai amfani da lantarki kuma minti 10 a duk lokacin gwajinsa.

Sau ɗaya a shekara sai ƙwararru su zo su buɗe babban magudanin na'urar su auna yadda ƙarfin ruwa ke sauka, domin ta haka ne ake gane ko akwai bawul ɗin da aka rufe rabi ko kuma bututun da ya toshe. A nan ne kuma ake gwada injin a kan cikakken ƙarfinsa, a bi kawunan ɗaya bayan ɗaya da kallo.

Duk shekara biyar ana buɗe wasu sassan bututun a duba cikinsu, saboda tsatsa da laka kan taru har su rage hanyar ruwa.

Akwai kuma wasu ƙananan abubuwa da kan kashe na'ura ba tare da an taɓa bawul ba. Kan da mai fenti ya shafa wa fenti ba ya buɗewa a kan lokaci, kuma ƙa'ida ita ce a sauya shi da sabo, ba a kankare shi ba. Haka nan ana buƙatar a bar tazarar kimanin santimita 45 tsakanin kan feshi da saman kayan da aka jibge, in ba haka ba ruwan zai tsaya a kan kwalin farko, wuta kuma ta ci gaba da ci a ƙasa.

Sauya amfanin gini ma matsala ce. Na'urar da aka tsara domin ofis mai tebura da kujeru ba za ta iya da wutar sito mai cike da katifu ko diloli na yadi ba, domin yawan ruwan da kowannensu ke buƙata ya bambanta.

Wani lokaci kuma laifin na masana'anta ne. A shekarar 2001 hukumomin Amurka suka ba da sanarwar sauya kawunan feshi kimanin miliyan 35, bayan an gano cewa zoben robar da ke cikinsu na iya maƙalewa ya hana ruwa fita. Ginin da ba shi da rajistar irin kayan da aka kafa masa ba zai ma san ko abin ya shafe shi ba.

Alhakin wa?

A bisa ƙa'ida, nauyin kula da na'urar yana kan mai gini ne. To amma a zahiri manyan gine-gine ba su cika zama a hannun mutum ɗaya ba.

A Cape Town, ma'aikatar ayyuka ce ke kula da gine-ginen, majalisa ce ke amfani da su, 'yan sanda da jami'an tsaron majalisar kuma suka raba aikin gadi. Bayan gobarar an daɗe ana nuna wa juna yatsa. Wani binciken da majalisar ta sa aka yi, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2023, ya ce da an ɗauki matakan da suka dace, da an hana gobarar ko an rage ɓarnarta.

Irin wannan rabuwar alhaki ita ce ake samu a manyan kantuna da benayen haya, inda mai gini yake wani gari, kamfanin da ke kula da ginin yake ƙoƙarin rage kashe kuɗi, ɗan haya kuma yake ganin bututun da ke saman shagonsa ba nasa ba ne.

Akwai kuma batun yadda ake kasafta kuɗi. Kafa na'ura babban aiki ne da ake ba da kwangilarsa, a yi bikin buɗewa. Kuɗin dubawa da man inji da sauya batir kuwa ƙanana ne da ake biya kowace shekara, kuma su ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi, tun da ba wanda zai ga bambanci a wannan shekarar.

Dokoki ma sun fi mayar da hankali ga kafawa. Bayan gobarar benen Grenfell da ke Landan a 2017, wadda ta hallaka mutum 72 a ginin da ba shi da na'urar, Ingila ta wajabta kafa ta a sababbin benayen kwana da tsawonsu ya wuce mita 11, maimakon mita 30 da ake bi a da.

A Turkiyya kuma, bayan mutuwar mutum 78 a wani otal da ke Kartalkaya a watan Janairun 2025, wanda masu bincike suka ce ba shi da na'urar, kotu ta yanke wa mai otal ɗin da wasu jami'ai hukuncin ɗaurin rai da rai.

Sai dai wajabta kafawa abu ne da ake tabbatarwa sau ɗaya, ranar da za a ba da takardar izinin shiga gini. Tabbatar da cewa na'urar tana nan da ranta bayan shekara goma yana buƙatar jami'an da za su riƙa komawa, da kuma rajistar da ba a cike ta a ofis ba tare da an je wurin ba.

Inda Najeriya ta tsaya

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga gobarar manyan gine-gine. Benen hukumar sadarwa da ke Legas ya kama wuta a 1983, Cocoa House na Ibadan a 1985, ofishin babban akanta na ƙasa a Abuja a 2020, sannan a watan Satumbar 2025 mutum 10 suka rasu a gobarar benen Afriland da ke tsibirin Legas.

A arewa kuwa kasuwanni ne suka fi shan wahala. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi mummunar gobara a 2016, manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina a 2021, sai Kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023.

Na'urar fesa ruwa ba maganin rumfunan katako da kwano da ke fili ba ce. Waɗannan sun fi buƙatar gyaran wayoyin lantarki, da hanyoyin da motar kashe gobara za ta bi, da wuraren ɗibar ruwa.

Amma fasalin kasuwannin yana sauyawa. Benaye masu ɗaruruwan shaguna da manyan sito-sito suna ta ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja, tare da otal-otal da asibitoci da ɗakunan taro. Irin waɗannan gine-gine ne na'urar ta fi dacewa da su, musamman da yake gobarar kasuwa ta fi tashi da dare, lokacin da aka kulle ƙofofi kowa ya tafi gida.

Sai dai kula da ita a nan ya fi wuya fiye da a Turai, saboda dalilai uku.

Na farko shi ne ruwa. A biranen da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana, ana iya haɗa na'urar da babban bututun gari. A inda kowane gini ya dogara da rijiyar burtsatse, dole na'urar ta sami tankinta na kanta. Kuma idan rani ya tsananta, ba abin mamaki ba ne a ja ruwan wannan tanki zuwa banɗakuna da wurin alwala, da niyyar a mayar daga baya.

Na biyu shi ne wutar lantarki. Injin da ya dogara da wutar gari kaɗai ba abin dogaro ba ne, kuma abu na farko da ake yi idan gobara ta tashi shi ne yanke wutar gini. Hakan na nufin sai da injin dizal, wanda ke buƙatar mai da batir mai rai da kuma wanda zai riƙa tayar da shi kowane mako.

Na uku shi ne yanayi. Ƙa'idar NFPA ta tanadi a yi amfani da jan kai mai digiri 68 ne a inda zafin rufi bai wuce digiri 38 ba. A ƙarƙashin rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, zafi na wuce haka nesa ba kusa ba, don haka sai an zaɓi rawaya ko kore. In aka yi kuskure, kai na iya fashewa ba tare da wuta ba ya jiƙa kayan ɗan kasuwa, abin da kan biyo baya kuwa shi ne a rufe bawul baki ɗaya. Ƙurar hunturu ma takan lulluɓe kawunan, ta rage saurin jin zafinsu.

Ta fuskar doka, hukumar kashe gobara ta tarayya tana aiki ne da dokar da aka kafa tun 1963, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. An fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma aiwatar da shi ya rataya ne a wuyan hukumomin tsara birane na jihohi.

Wata ƙofar da ba a cika amfani da ita ba ita ce ta inshora. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora, kuma sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ta ci gaba da wannan tanadi. A Amurka da Birtaniya, kamfanonin inshora kan rage kuɗin da ake biya idan gini yana da na'ura mai aiki, su kuma tura nasu injiniyoyin su duba. Kamfanin da zai biya diyya ya fi kowa dalilin son ganin bawul a buɗe.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya faru a Cape Town da Doha da Incheon ya shafi duk wani mai gini, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ko babban sakataren ma'aikatar da ke da irin waɗannan bututai a saman kansa.

Tambayoyin da za su iya yi ba su da tsada. Ina bawul ɗin yake, kuma wa ke riƙe da makullinsa? Tankin yana da ruwa? Yaushe aka tayar da injin? Wane kwanan wata ne ke rubuce a katin gyaran da ke rataye a jikinsa?

A majalisar dokokin Afirka ta Kudu, an karanta kwanan watan da ke jikin na'urar ne bayan zauren ya riga ya zama toka.